Maikano da Mukullin Filin 'Yan Asabar

Duk wanda ya zauna a Greensboro ta Amurka har ya taɓa leƙa filin 'Yan Asabar ya san Maikano. In bai ga fuskarsa ba, ya ji muryarsa. Gajere ne mai tumbi, yana aikin loda kaya a wani sito da ke Wendover, amma in ka ba shi kunne na ɗan lokaci sai ka tashi kana zaton shi ya koya wa Turawa ƙwallo. A cewarsa ya buga wa manyan kulob a Kano, rauni ne kawai ya hana shi zuwa Turai. Ƙafar da ta ji raunin kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Yau dama ce, mako mai zuwa hagu.

Kulob ɗin namu ya girmi yawancin yaran da ke buga masa yanzu. Ɗalibai ne da direbobin tasi da ma'aikatan sito suka kafa shi, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana, kuma da yake Asabar ce kaɗai ranar da kowa ke samun kansa, sai sunan ya bi su. A bayan wani kanti suka soma bugawa, kan kwalta, kekunan sayayya ne ragarsu, masu gadi na korarsu suna dawowa. Alhaji Chaïbou, mutumin Maraɗi, shi ya raba su da wannan wahala. Yana tuƙin tasi a lokacin. Wata rana ya ɗauko wani manomi mai suna Bernard daga asibiti ya kai shi gida McLeansville, ya hango fili shimfiɗe a bayan gidan, ga tafki a gefe guda, ga garken awaki a ɗaya gefen. Kafin ya sauke wa mutumin jakarsa ya riga ya roƙi filin. Bernard ya ce su buga, amma a riƙa rufe masa get, kuma duk ranar da aka yi girki a kai masa farantinsa.

Daga nan abu ya yi ta girma. Mata suka gaji da zama kan kula suna tafa wa maza, Hajiya Zainabu ta ɗaura raga tsakanin bishiyoyi biyu ta kafa musu ƙwallon raga. Aka gina 'yar rumfar katako aka sa teburin ƙwallon tebur a ciki. Yara suka sami tseren gudu. Dattawan da numfashi ya ƙare musu suka koma dara a inuwa, suna yi suna zagin masu bugawa. An ƙulla aure a bakin filin nan, an sasanta rigima, kuma duk baƙon da ya sauka garin bai san kowa ba, nan ake kai shi ranar Asabar, kafin a tashi ya sami ɗaki da aiki.

Tun da aka sami filin, mukullin get da na rumfa suna hannun Alhaji Chaïbou, shi ya sa ake ce masa Sarkin Fili. Shi ke yanke ciyawa, shi ke zana layi da ɗan keken fentinsa, babu mai shiga sai ya buɗe. Bana da kulob ya cika shekara talatin, sai Alhaji ya tara mu ya ce ƙarfinsa ya ja baya, ranar biki zai miƙa mukullin ga wani. Duk mai so, ya gyara filin bikin da kansa ya gani.

Kafin ya rufe baki Maikano ya miƙe. Ya ce ai wannan aiki gadonsa ne. Shi ya taɓa zana layin babban filin wasa a Kano, har wani Bature ya sauko daga mazauninsa ya durƙusa yana ɗaukar layin hoto, ya manta da wasan da ya zo kallo. Sauran jama'a kowa na da aikin safe da na dare, babu wanda ya yi takara da shi.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zaro mukullin, ya soma da ɗan Faransancinsu na Nijar.

"Bon. Aro ne, Maikano. Ka ji ko? Zuwa Asabar."

"Baba Alhaji, ka je ka miƙe ƙafa. Ka riga ka yi ritaya."

Ya ɗaure mukullin da igiyar takalmi ya rataya a wuya, a kan riga ba a ciki ba. Da shi yake zuwa aiki, da shi yake zuwa masallaci. Ya ce mu fara kiransa Sarki tun yanzu don bakinmu ya saba.

Ranar Talata da yamma ya kira ni in riƙe masa igiyar awo, ni kuwa ba na ƙin zuwa inda na san za a yi kallo. Ya fito da keken fentin Alhaji, ya tura shi kaɗan, ya tsaya ya yi tsaki. Ya ce wannan keke na tsofaffi ne, fentin na fita kamar mai jin kunya. Ya shiga but ɗin motarsa ya ɗauko injin hura ganye, ya ɗaure bakinsa a gwangwanin fentin da salatif, ya ce in matsa in ga yadda ake yi a manyan filaye. Na matsa sosai.

Yana ta da injin, fentin ya ƙi bin ƙasa, ya biyo sama. Ya wanke masa fuska da gemu, ya bi gefen motarsa, ya sami wani bunsurun Bernard da ya leƙo ta shinge yana kallon ikon Allah. Keken ya yi tsalle ya faɗi, taya guda ta gangara ta shige tafki. Maikano ya tsaya fari fat, ido kawai ke motsi. Da ya tofar da abin da ya shiga bakinsa, sai ya ce ya gano matsalar, fentin ne jabu.

Na ce mu je kanti ya sayi sabon keke kafin Alhaji ya ji. Ya ce in aka ga sabon keke za a tambayi tsohon. Ya tura gawar keken bayan rumfa ya lulluɓe da tamfol. Kafin in isa gida ya saki saƙon murya a gurup ɗin kulob, murya a sanyaye kamar mai wa'azi. Wai ya yi dogon tunani, ya ga bikin tarihi bai dace da fentin Nasara ba. Da toka za a zana layi, yadda muka yi muna yara a gida, don 'ya'yanmu su ga asalinsu.

Gurup ya ɗauka. Dattawa suka yi ta sa masa albarka, wani ya ce har ya tuna filin makarantarsu a Zariya, wani ya ce a Kumasi ma haka suke yi.

Sai dai Maikano ya manta da abu guda. A garin nan babu mai girki da itace.

Ya fara da mai tsiren da ke kafa tebur a bakin masallaci. Mai tsire ya nuna masa tukunyar gas. Ya wuce unguwar Irving Park gidan Dakta Abdulmuhaimin, don ya taɓa ganin murhun jin ɗumi a falonsa. Dakta ya karɓe shi da shayi, ya ɗauki rimot ya danna, wuta ta tashi, ya sake dannawa ta mutu. Maikano ya durƙusa ya leƙa ciki ya shafa itacen, ashe na roba ne ko na dutse, oho. Ya fito yana cewa ilimi ya ɓata mutane, mutum da gida kamar fada amma ba shi da ko cokalin toka. Ya bi maƙwabtan Dakta yana ƙwanƙwasa ƙofa da bokiti a hannu, ga zafin bazara, ga sauran fenti a gemu, yana tambayar toka. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ja labule.

Ranar Juma'a bayan an idar da salla, sai ga shi ya faka a tsakiyar filin ajiye motoci yana danna hon. Ya buɗe but. Manyan bokitai ne cike da toka, fara, mai laushi, har da ɗan ƙamshin gashi. Jama'a suka taru. Wasu suka ɗiba suna murzawa a yatsa suna cewa rabonsu da taɓa toka tun gida. Maikano ya jingina da mota yana juya mukulli, yana ba da labarin yadda ya gano wani gidan gashi a hanyar Burlington inda suke ƙona itace na gaske, yadda mai wurin ya gane babban mutum ne ya ba shi kyauta har da taya shi lodi.

Malam Daso, wanda ke mana limanci a fili kuma shi ne alƙalin wasanmu, ya sunkuya ya shinshina.

"Maikano, gidan gashin nan, naman me suke gasawa?"

"Nama dai, Malam. Ni toka na je nema, ban tambayi tarihin dabba ba."

"Babu hoto a allonsu?"

"Akwai. Wani ɗan maraƙi ne mai ƙiba, yana murmushi, da hular kuku."

"Yana da ƙaho?"

"Yaro ne, bai fitar ba tukuna."

"Wutsiyarsa fa? Miƙaƙƙiya ce ko a nannaɗe take?"

Waɗanda suka murza tokar suka dubi yatsunsu. Kafin ka ce me, wurin alwala ya cika, ana ture juna. Malam Daso ya tuna masa cewa a kan ciyawar filin muke sa goshi mu yi La'asar duk Asabar, kitsen da ya ɗiga cikin tokar nan ba zai taka McLeansville ba. Maikano ya ce ai wuta ta riga ta cinye komai, kuma ma shi da ma gwada mu yake yi ya ga ko muna lura. Ya rufe but da ƙarfi. Wani ya ce masa daga yau ba zai ƙara karɓar lif a motarsa ba, wani ya ce a bar masa Sarkin Gashi in na Fili ya gagara.

Ga biki gobe. An gayyaci kulob ɗin 'yan'uwanmu na Charlotte, mutanen Raleigh da Durham sun ce suna tafe da iyalansu. Na kira shi da yamma na ce har yanzu kanti a buɗe yake. Ya ce Sarki ba ya janye magana, in zo da safe in ga abin da zan ba jikokina labari.

Da safe na je, kuma gaskiya na gani. Tunda nake zuwa filin nan ban taɓa ganin layi irin wannan ba. Fari tas, mai kauri, yana ɗaukar ido. Bai tsaya kan filin ƙwallo ba. Ya zana wa mata filin ragarsu, ya ja wa yara layukan tsere, ya rubuta talatin ƙato a tsakiyar da'ira, ya yi wa masu dara ɗan zagaye a inuwa ba su roƙe shi ba. Shi kuwa yana tsaye a bakin get cikin farar shadda da takalmin ƙwallo, yana gaisawa da baƙi kamar ango. Duk wanda ya tambaye shi wace irin toka ce wannan, sai ya ce sirrin sana'a ne. Alhaji Chaïbou ya zo da sandarsa, ya kalli layin daga nesa, ya ce bon, ya zauna kusa da Bernard, wanda ya riga ya kafa kujerarsa yana jiran faranti.

Da tseren yara aka fara. Suna jere ana jiran usur, sai ga wasu manyan agwagin daji, irin masu baƙin wuyan nan da ke kwana a tafkin Bernard, sun fito su kaɗan suna tafiyar ƙasaita. Ta gaba ta sa baki a layi, ta ɗaga kai, ta yi wani kuka. Ban san me ta ce ba, amma tafkin gaba ɗaya ya tashi.

Kafin yara su kai rabi, babu layin da ya raba wani da wani, layin ƙarshe ma an cinye. Yara suka yi ta gudu har shinge, kowace uwa ta rantse ɗanta ne ya zo na ɗaya. A filin raga mata suka kaure da gardama kan ko ƙwallo ta faɗi ciki ko waje, suka juya su nuna layi, suka tarar da agwagwa tsaye a wurin tana haɗiya.

Maikano ya ce kada kowa ya damu, tsuntsaye na son abu mai kyau, a Turai ma har kan fili suke sauka. Ya naɗe shadda ya nufe su yana kaɗa hannu yana cewa su tashi. Yara suka yi ta faɗa masa da Turanci cewa suna cizo. Ya ce shi da ya taɓa riƙe jimina a wuya. Babban namijin cikinsu ya sunkuyar da kai, ya buɗe fukafukai, ya yi huci. A ranar muka gane cewa ƙafafun Maikano duka biyu lafiyarsu ƙalau. Ya zagaya raga da gudu, ya tsallake kula, agwagwar na manne da bayan shaddarsa, mutanen Charlotte na tafi suna cewa mu sa shi a lamba bakwai.

Malam Daso ya ce a fara babban wasa tun da sauran layi. Aka fara. Mai riƙe da tuta ya riƙa bin gefen fili yana neman inda zai tsaya. Ƙwallo ta fita har kusa da motoci, ɗan Charlotte ya bi ta ya ci gaba da bugawa, ya ce a nuna masa inda ya tsallaka. Kyaftin ɗinmu ya nuna masa wata agwagwa ya ce layin na cikinta. Ana cikin haka awakin Bernard, da suka daɗe suna kallo ta shinge, suka sami wata kafa suka kutso, bunsurun nan mai farin fenti a gaba. Su ba sa tsattsaga kamar agwagi. Lasa suke yi har ƙasa.

Dab da hutun rabin lokaci ɗan gabanmu Bello ya shiga da ƙwallo, wani ya sa masa ƙafa, ya faɗi ya yi birgima fiye da yadda faɗuwar ta cancanta. Muka ce fenariti. Mutanen Charlotte suka ce a waje ne. Malam Daso ya hura usur ya rugo, ya dubi ƙasa, babu gidan sha takwas, babu ɗigon fenariti, sai akuya tsaye a inda yake tana lashe leɓe. Ya ce a kira masa wanda ya zana.

Maikano ya zo yana riƙe da bayan shadda. Ya taka nan, ya taka can, ya rufe ido ɗaya, ya ja layi da ƙafa daidai bayan inda Bello ke kwance. Kyaftin ɗin Charlotte ya ce in haka ne gidan golansu ya kai tsakiyar fili. Aka yi ca. Dattawan dara suka taso da sandunansu suna ba da shaida, alhali ko kallon wasan ba sa yi.

Sai hayaniyar ta fara mutuwa daga baya. Jama'a suka dare. Hajiya Zainabu ce tafe daga wajen tukwane, muciya a hannun dama, buhu wayam a hannun hagu, mata na biye da ita kowace da nata buhun. Tun Alhamis ta ajiye garin tuwon biki a rumfa, farin garin masara da ta yi oda musamman. Miyar kuka ta nuna, ruwan tuwo na tafasa, suka buɗe rumfa suka tarar da buhuna a ninke tsaf an ɗora musu dutse.

Hajiya ta nufi kusurwar fili inda ɗan layi ya rage, ta durƙusa, ta dangwala yatsa, ta sa a baki. Ta miƙe ta karkaɗe zani.

"Maikano, zo nan."

"Hajiya, ana tsakiyar shari'a ne."

"Na ce ka zo. Mukullin rumfa na hannun wa?"

"Yana hannun hukuma."

"Hukuma ce ta ba agwagi tuwon baƙina?"

Ya gyara murya ya juya ga jama'a. Ya ce wannan shi ne abin da manyan ƙasashe suka koma yi yanzu, layin da ba ya cutar da ƙasa, ba ya cutar da dabba, kuma halal ne tun daga gona, Malam Daso na tsaye a tambaye shi. Malam Daso ya ce kada ya kuskura ya sa sunansa. Maikano ya ce kuma ai bai ɗauka duka za su tuƙa ba, mutanen yanzu shinkafa suka fi so.

"Wace shinkafar?" in ji Hajiya. "Ka ga shinkafa a nan?"

"Ana iya..."

"Ana iya me? A yanka agwagin a fito da garin?"

Wani ɗan Charlotte ya ce shi ya yarda da wannan shawara. Bernard, da aka fassara masa abin da ke faruwa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Kamar ana jira, hadarin da ya taru tun hantsi ya saki ruwa, irin na bazara mai zuwa da ƙarfi ya wuce. Kowa ya ruga inuwa. Da ya ɗauke aka fito, sauran garin da ya maƙale cikin ciyawa ya zama ƙullu. Ƙaton talatin ɗin nan na tsakiya, inda ya fi zubawa, ya koma kamar an kifar da tukunyar koko. Maikano ya ce wannan ba komai ba ne, filin ya ma fi riƙe ƙafa yanzu, bari ya nuna mana. Ya ja da baya, ya rugo zai buga ƙwallon da ke tsakiya. Ƙwallon ba ta motsa ba. Shi ne ya tafi, a kan bayansa, ƙafafu a sama, har sai da ya tsaya a gaban kujerar Alhaji Chaïbou.

Malam Daso ya hura usur ya ce an tashi babu ci. Aka aika samari kanti suka kwaso duk burodin da suka samu. Haka baƙinmu suka ci miyar kuka da yankakken burodi a bikin shekara talatin. Mutanen Charlotte suna dangwala suna cewa a ba su sunan abincin don su kai gida. Bernard ya cinye nasa ya ce bai ga laifinsa ba, sai dai yana so a kankare ƙullun nan kafin rana ta faɗi, don in ya kwana ya yi tsami awakinsa suka ci, cikinsu zai kumbura.

Da aka yaye tamfol ɗin bayan rumfa don mu yi La'asar a kansa, a nan ne aka ga keken fentin da ke ƙarƙashinsa. Alhaji Chaïbou ya tsaya a kan gawar kekensa ya daɗe. Sannan ya sa aka tara jama'a, ya miƙa wa Maikano tafin hannu. Maikano ya ce igiyar ta ƙulle. Alhaji bai janye hannun ba. Maikano ya ce wuyansa ya kumbura saboda cizon agwagwa. Aka tuna masa ba a wuya ta cije shi ba. Ya cire a hankali ya ajiye.

Alhaji ya ce shekara da shekaru yana buɗe get ɗin nan, kuma duk Asabar in ya iso, mota ɗaya yake tararwa tana jira da kuloli da raga a baya. Ya ce yau tun safe maza sun fi ɗari suna yaba layi, shi ma yana cikinsu, mutum ɗaya ce ta durƙusa ta duba mene ne. Ya juya ya sa mukullin a hannun Hajiya Zainabu.

"Voilà. Ga Sarkin Fili."

Mata suka rangaɗa guɗa. Maikano ya ce a tarihin kulob ba a taɓa yin mace Sarkin Fili ba. Malam Daso ya ce a tarihin kulob mutum ɗaya aka taɓa yi, kuma ga shi nan shi ya bayar. Maikano ya ce to a ba shi muƙamin mataimaki. Hajiya ta ce ta ba shi, ta sa aka ɗauko masa shebur da baro daga rumfa.

Jama'a suka watse, motoci suka fita ɗaya bayan ɗaya. Maikano ya faki ido ya jingina shebur, ya lallaɓa ya shiga tasa motar ya biyo layi. Yana isowa bakin get, Hajiya ta ja ƙarfen ta rufe a gaban hancin motar, ta ɗana kwaɗo, ta murɗa mukulli ta jefa a jaka. Ta ce za ta kai kuloli gida ta dawo, in ta ga ciyawa kore shar ta buɗe masa.

"Hajiya, agwagin nan fa ba su tafi ba."

"Ai kai ka gayyace su. Ka sallame su."

Ni ne na ƙarshe a waje. Na leƙa ta taga na ce Sarki, sai da safe. Ya fito daga mota ya ɗauki shebur, ya waiwaya ya ga namijin agwagwar nan ya taso daga bakin tafki yana miƙa wuya. Ya matsa ya sa baro a tsakaninsu, sannan ya ɗaga murya yadda motocin gaba za su ji, ya ce mu tafi kawai kada mu damu, a manyan filaye ma haka tsarin yake, ƙwararre ne ke fita a ƙarshe.